Rijiya ta Ƙarshe a Kabimas

Ranar da aka toshe rijiya ta ƙarshe
kakana Nerio bai yi kuka ba.
Ya cire hular kwanonsa, ya kifar, ya juyo ta,
ya ce a cika masa da ƙasa,
barkono zai shuka.

Shekara talatin da ɗaya yana hawan hasumiyar ƙarfe
a tsakiyar tafkin Marakaibo.
Yatsu biyu ya baro can,
waya ta tsinke su wata Talata da hantsi.
Da kuɗin diyyar ya sayi firji.
Firjin na nan har yau, ƙofa a buɗe,
albasa muke ajiyewa a ciki, da zare, da busasshen kifi.

Yakan ce, "A zamaninmu, 'yar nan,
mai ya fi ruwan sha araha.
Mutum ya ta da mota don sayen ashana,
ya bar ta tana huci yana hira da mai kanti.
Mun ɗiba kamar randar ba ta da gindi."
Ban san ko alfahari yake ba ko neman gafara,
murya ɗaya yake yi wa duka biyun.

Injunan nan masu sunkuyawa su ɗago
sun tsaya cak, kai a ƙasa.
Tsatsa ta ɗinka musu riga,
kwasakwasa na kwana a wuyansu.

Ni Yahaira, ɗinki ne sana'ata.
Tsofaffin tantunan kamfani nake yankawa,
in yi wa kwale-kwale filafili.
Da asuba sai ka ga tambarin kamfanin ya cika da iska
yana jan masunta zuwa inda kifi yake.
Bai taɓa yi musu aiki kyauta ba sai yanzu.

Wutarmu daga rufin makaranta take saukowa,
farantai arba'in masu shan rana.
Awa huɗu ga kowane layi,
asibiti kuwa ba a taɓa nata.
Eufemia ce ke riƙe da littafin rabo,
ba ta san ɗan'uwa ba in ta ɗauki alƙalami.
Kada wani ya ce muku mun zama waliyyai:
bara a kan batir ɗaya aka fasa wa Wilmer kai,
waɗanda ke bayan dogon bango kuma
fitilunsu ba sa mutuwa har gari ya waye.
Duhu ma ya san ƙofar da yake bugawa.

Babana ya yi kudu, hamadar gishiri,
inda ake tono abin da ake cika batir da shi.
Wasiƙarsa wata biyu take yi a hanya.
Ya ce can ma rijiya ce, fara ce kawai,
can ma akwai masu rantsuwa ba za ta ƙafe ba.

Tafkin bai gama amai ba.
In ka taka gaɓa, baƙin danƙo ya bi ka gida.
Amma bana an ga jatan lande a bakin tsohuwar gada,
yara suka kwana suna ihu.

Da dare, in layinmu ya mutu,
mukan fitar da kujeru mu fuskanci kudu,
inda walƙiyar Katatumbo ke wasa ba tsawa.
Kakana ya ce, "Ga wutar da ba a taɓa kawo mana takardar kuɗinta ba."

Yana da wata kwalbar magani a aljihu,
fetur ne a ciki, bai kai cokali uku ba.
Kowace shekara yana raguwa, ko da murfin a ɗaure.
Jiya ya buɗe, ya kai hancin ɗana Euklides.
Yaron ya yamutsa fuska, ya yi tari,
ya ce, "Wannan ne kuka yi ta faɗa a kansa?"
Tsohon ya daɗe bai ce komai ba.
Ya rufe kwalbar da yatsunsa uku,
ya tashi ya ba barkononsa ruwa.